Sabis ya cika fal amma data ba ta motsi, wai laifin wa?

Mai POS na Obalende: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah masana a taimaka min, abin nan ya fara ci min tuwo a ƙwarya. Rumfata tana kusa da gindin gada a nan Legas. In na buɗe da asuba, kafin ka ƙifta ido kuɗi sun wuce. Amma daga la'asar har bayan isha'i sai ka ga sabis ya cika fal a saman waya, ga 4G a rubuce ɓaro-ɓaro, amma abu na ta juyawa kamar fanka. Jiya wani kwastoma ya tsaya min a ka kusan minti goma, daga ƙarshe ya karɓi katinsa ya tsallaka wajen na gaba. Layin bai canza ba, wayar ba ta canza ba, rumfar ba ta matsa ba. To me ke canzawa?

Alhaji Mai Tumatir: Wa alaikumus salam. Yaro, me zai canza ban da hali? Daga ofis suke murɗa abin. Su sakar maka da asuba lokacin da kowa ke barci, su shaƙe da yamma lokacin ciniki. A farkon 2025 aka ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari, muka biya. A nan kasuwar Mile 12 in motoci suka iso ana sauke kaya, hoton kwando ɗaya sai ya yi minti biyu bai tafi ba.

Ɗan Computer Village: Ba mamaki eriyar wayar ce ta yi sanyi. Shigo Ikeja gobe in duba maka.

Maman Ilham: Kai dai ko tari mutum ya yi sai ka ce ya shigo Ikeja. Ya ce maka da asuba lafiya lau take. Eriyar ce ke warkewa cikin dare?

Ɗan Computer Village: Hajiya ki bar ni in nemi na cefane mana.

Injiniya: Barkanmu da yamma. Alhaji, ranku ya daɗe, ba zan rantse a kan abin da ke zuciyar kowane kamfani ba. Amma wannan da Mai POS ya kwatanta na san shi, don a nan nake cin abinci. Mu ne masu zagaya gari a mota, kwamfuta a cinya, wayoyi huɗu manne a gilashi, muna auna sabis layi-layi.

'Yan sandunan nan na saman waya abu ɗaya suke faɗa maka: ƙarfin muryar ƙarfen sabis, wato dogon ƙarfen nan mai eriyar kamfani, a inda kake tsaye. Ba sa faɗin hayaniyar da ke kewaye da muryar, ba sa kuma faɗin mutum nawa ke jira. Ka ɗauki tsakiyar Mile 12 da hantsi. Na gabanka yana magana da ƙarfi, amma wasu goma na ihu a gefe. Murya ta kai kunne, maganar ce ba ta fita. Mutumin nan da asuba ko raɗa ya yi za ka ji. Hayaniyar a wajenmu ita ce ƙarafan da ke maƙwabtaka, don a 4G ƙarafan kamfani ɗaya a mita ɗaya suke magana, wato tasha ɗaya kamar a rediyo. Da asuba maƙwabtan sun yi shiru, ba su da wanda za su aika wa komai. Da yamma kowanne ya buɗe baki.

Alhaji Mai Tumatir: To in hayaniya ce me ya sa ba ya yankewa gaba ɗaya mutum ya huta? Sai dai ya riƙa jan ƙafa kamar an tilasta shi.

Injiniya: Kafin in amsa in yi muku tambaya. In mota za ta taso daga Kano zuwa nan, kullum lodi iri ɗaya ake mata?

Alhaji Mai Tumatir: Ina fa. Ya danganta da hanya da lokaci. In da sanyi ne, tumatir ya yi ƙwari, hanya lafiya, sai a cika ta. In zafi ya shigo, ko aka ce tsakanin Mokwa da Jebba ya lalace, sai a rage, a gyara katakon da ke tsakanin hawa da hawa, a rufe bakin kwando da ciyawa sosai. Gara ka kawo kaɗan lafiyayye da ka kawo mota cike da miya.

Injiniya: To wallahi Alhaji kun gama min aiki. Abin da waya da ƙarfe ke yi kenan, sai dai su ba sa jiran a bugo daga hanya. Ƙarfen yana ta sakin wasu alamomi da wayar ta riga ta san kamanninsu. Sai ta duba yadda suka iso, garau ko a dame, ta mayar masa da rahoto da lamba ɗaya tsakanin 0 da 15. Sunan lambar CQI. In ta ce 15 tana nufin kwalta ce, loda. In ta ce 3, rami ne ko'ina. Rahoton kan tafi duk bayan 'yan milisakan, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. Shi kuma ƙarfen 4G sau dubu a kowane sakan yake yanke hukuncin wa zai aika wa, nawa kuma zai ɗora masa.

Abu biyu yake juyawa. Ɗaya yawan kwanduna: kowane ɗigon sigina zai iya ɗaukar bit 2, ko 4, ko 6, a sababbin kaya har 8, bit kuwa shi ne ƙwayar data mafi ƙanƙanta. Su ne kuke jin ana cewa QPSK, 16QAM, 64QAM da 256QAM. Ɗayan kuma ciyawar, wato ƙarin bit da ake cusawa ba don suna ɗauke da saƙonka ba, sai don in wani sashe ya lalace a hanya a gyara da su. A lamba 1, abin da aka aiko bai kai kashi 8 cikin ɗari ne saƙo ba, sauran duk ciyawa. A lamba 15 kusan kashi 93 saƙo ne. Jan ƙafar da kuke gani, Alhaji, mota ce da aka rage wa kaya don ta iso.

Maman Ilham: Ni abin da ban gane ba, me zai hana a riƙa ɗora 8 ɗin kullum tunda akwai shi?

Ɗalibar Akoka: A gafarce ni in sa baki, mun yi wannan a aji zangon da ya wuce. Anti, ai ke atamfa da shadda kike sayarwa. In kala huɗu kawai gare ki, fari da baƙi da ja da kore, ko da magariba za ki bambance su. In kuwa kala 256 ne, har da shuɗi iri goma masu kama da juna, sai da hasken rana tsaka. QPSK kala huɗu ce, 256QAM kala 256. Da hayaniya ta ɗan yi yawa sai wayar ta fara rikita wannan da wancan.

Maman Ilham: Shi ya sa ba na yarda a zaɓi shadda bayan la'asar sakaliya. Gobe sai a dawo min da ita a ce ba kalar aka gani ba.

Ɗalibar Akoka: Daidai Anti. Kuma bambancin ba ƙarami ba ne. A jadawalin 4G na asali, lamba 1 tana ba da bit 0.152 a kowane ɗigon sigina, lamba 15 tana ba da 5.55. In aka raba, ninki 36 ne da ɗoriya, a waya ɗaya da ƙarfe ɗaya. Tun 1948 Claude Shannon ya fitar da lissafin cewa iyakar abin da hanya za ta ɗauka ya rataya ne a kan faɗinta da kuma yadda sigina ya rinjayi hayaniya. Har yau ba wanda ya tsallake wannan iyaka, matsowa kusa da ita kawai ake yi.

Mai Gardama na Ijora: Na karanta duka. Bayani ya yi daɗi, amma ni ban ga inda ya wanke kowa ba. Kun san da yamma mutane na cika Obalende, kun san Mile 12 kasuwa ce ba maƙabarta ba. In hanya ta lalace shekara da shekaru, ba direban da ke rage kaya za a yaba ba, wanda ya ƙi gyara hanya za a tambaya. Injiniya kana cin albashinsu ne shi ya sa kake mana waƙa.

Injiniya: Albashina ɗan kwangila ke biya, kuma ba kullum a kan lokaci ba, don haka ba ni da waƙar da zan yi wa kowa. Maganarka tana kan hanya. Wannan dabara ba ta ƙirƙiro fili, tana raba wanda ake da shi ne. Faɗin megahaz 20 a 4G an yanka shi gida 100, kowane gida kilohaz 180. Su ɗin ne dai, ko mutum biyar ke ƙarƙashin ƙarfen ko ɗari biyar. In jama'a sun fi ƙarfin wurin, magani shi ne a ƙara ƙarfe, ko a ƙara mita, ko a sa ƙananan eriya a cikin kasuwar. Wannan kuɗi ne da shawarar manya, ba lissafin milisakan ba.

Inda na saɓa da Alhaji shi ne batun wani na zaune yana murɗawa da yamma. Ba a bukatar kowa ya murɗa, cunkoson da kansa ya isa.

Kuma ga abin da mutane ba sa lura da shi. Mai lamba 1 in zai sauke bidiyo iri ɗaya da mai lamba 15, sai ya cinye fili ninki 36. Mutum goma a cikin kwantenar ƙarfe suna kallon ƙwallo za su iya tauye layi guda.

Mai Gardama na Ijora: To ai sai a kore su a bai wa masu sigina mai kyau.

Injiniya: In aka yi haka kai ne farkon wanda zai shigo zauren nan da ƙorafi, don na san irin ginin Ijora. Akwai tsarin da ke bai wa mai hanya mafi kyau kullum, jimillar data ta fi yawa a haka, amma na bakin iyaka ba zai taɓa samu ba. Akwai na bi da bi, kowa daidai, shi kuma ɓarna ce. Wanda aka fi amfani da shi tsaka-tsaki ne: ana duba kowa a lokacin da hanyarsa ta fi yadda ta saba kyau, a kuma tuna nawa ya samu a baya. Wanda ya daɗe bai sha ba, matsayinsa na hawa har a zo kansa.

Alhaji Mai Tumatir: Wannan kam rabon ruwa ne a bakin famfo.

Ɗan Computer Village: Oga Injiniya, in wayar ta yi ƙarya fa? Ta ce 12 alhali 8 take? Don ni na san irin kayan da ke shigowa kasuwar nan.

Injiniya: Tambaya mai kyau, ka ga yau ka ci na cefanen. Ƙarfen bai yarda da waya ɗari bisa ɗari ba. Duk ƙunshin da ya aika, wayar sai ta amsa ko ya iso lafiya ko bai iso ba. In ta cika baki ta ce 12 amma ana ta samun bai iso ba, sai ya riƙa rage mata daga abin da ta faɗa. In kuma mai tsoro ce, tana faɗin ƙasa da gaskiya, komai na isa, sai ya riƙa ƙara mata kaɗan-kaɗan. Abin da ake nema shi ne cikin ƙunshi goma, kamar ɗaya ya faɗi a aikon farko.

Mai Gardama na Ijora: Tsaya. Wato da gangan ake barin kashi 10 ya lalace? Jama'a kun ji ko?

Alhaji Mai Tumatir: A nan kam ina bayan Injiniya. Dillalin da ya ce maka bai taɓa asarar kwando ko ɗaya ba, rabin mota yake kawowa, kuɗin dizal na cinye shi bai sani ba. Dole ka loda har inda kaɗan zai taɓu, a nan riba take.

Injiniya: Allah ya ƙara girma Alhaji. Kuma a nan mun fi ku sa'a, don wanda ya lalace ba a zubar da shi. Wayar tana ajiye shi, bayan kamar milisakan 8 a sake aiko wani, sau da yawa da ciyawa dabam da ta farko, sai ta haɗa biyun ta fitar da saƙon. HARQ ake ce masa. Kai ba ka ma san an yi ba.

Maman Ilham: To wanda aka sake aikowa, a datata ake cirewa? Don tunda na koma waya mai 5G data ba ta kwana biyu.

Injiniya: A'a Hajiya. Wannan maimaicin tsakanin waya da ƙarfe yake, lissafin data kuma can ciki ake yin sa, ba ya ganin su. Abin da ke cinye miki data wani daidaitawar ne, na manhajojin bidiyo. YouTube da ire-irensa su ma suna auna hanya. In suka ga ta buɗe sai su ɗaga kyan hoton da kansu, minti ɗaya ya ci ninkin abin da yake ci a da. Ki shiga saitin ki ƙayyade masa.

Maman Ilham: Ashe Ilham ce da katun ɗinta. Bari ta dawo daga Islamiyya.

Direban Tasi: Ni tawa matsalar gadar Third Mainland ce. Sabis cike, amma taswira sai ta daskare, fasinja na kira murya na yankewa. Ba gini, ba kwano, sarari ne fetal. A nan wace hayaniya ce kuma?

Injiniya: Sararin ne matsalar. Gadar nan kilomita 11.8 ce, mafi yawanta a kan ruwa, ba abin da ke tare sigina. A cikin unguwa gine-gine na toshe maka ƙarafan nesa, ka ji na kusa kawai. A kan gada wayarka na jin na Oworonshoki, na Yaba, na Ebute Metta, har na tsallaken Ikoyi, duk a lokaci guda, ba wanda ya rinjayi sauran sosai. Ga ruwan kansa na maido da sigina kamar madubi. Ga kuma sauya ƙarfe da take ta yi kana tafiya.

Sai gudu. In kana kilomita 80 a awa, kana cin mita 22 a sakan. A mitar megahaz 1800 tsawon zangon sigina kamar santimita 17 ne, kuma matsawar rabin haka ta isa ta fitar da kai daga wuri mai kyau zuwa rami. Motarka na cin wannan tazarar cikin milisakan 4. Kafin rahoton wayar ya isa a yi aiki da shi, ka bar wurin da ta auna. Kamar a ce wa Alhaji hanya lafiya, amma labarin na makon jiya ne. Shi ya sa in ƙarfen ya lura rahotanninka ba sa zama, sai ya koma lodi na taka-tsantsan.

Direban Tasi: To ai in gosulo ya kama mu ma ba ta aiki.

Injiniya: A lokacin rahoton ya zama daidai, amma ku dubu nawa ne a tsaye kowa ya ciro waya?

Direban Tasi: In gudu bala'i, in tsaya bala'i. Allah ya kyauta.

Baba na Agege: Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ke rubuta min. Ni na zo Ikko tun ana zuwa ofishin waya a bi layi kafin a gaisa da gida. Abin da yaron nan Injiniya ya faɗa na matsawa kaɗan ya tuna min rediyo. Muna sauraron BBC Hausa a gajeren zango, murya ta taso kamar mai maganar na ɗakin, can kuma ta nutse har sai ka kanga akwatin a kunne, ba wanda ya taɓa komai. Mukan ce iska ce. Shin abu ɗaya ne?

Injiniya: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya. Dangin juna ne. Siginar gajeren zango tana dukan saman sararin sama ta dawo, ta hanyoyi fiye da ɗaya, wata ta riga wata isowa. In suka haɗu baki ɗaya murya ta ƙaru, in suka saɓa su kashe juna. A gari kuma bango ne da gilasan benayen Marina da kwanon rufi da jikin danfo ke yin wannan aikin. Bambancin, gidan rediyo bai san halin da kuke ciki ba, magana yake ta yi ko kun ji ko ba ku ji ba. Waya kuwa tana mayar da amsa.

Kuma ba da 4G aka fara ba. Tun layukan GSM irin waɗanda suka shigo Najeriya a 2001, data ta GPRS tana da mataki huɗu, EDGE tara. Murya ma haka, akwai tsarin da ke sauka daga kilobit 12.2 har 4.75 in hanya ta ɓaci. A 3G kuma ƙarfin muryar waya ake gyarawa sau 1,500 a sakan, don kada na kusa ya danne na nesa.

Baba na Agege: To shi ya sa wani lokaci in ƙanena ya kira daga Gumel nake jin sa kamar daga cikin rijiya. Na zaci tsufa ne ya kama shi. Allah ya yi muku albarka.

Alhaji Mai Tumatir: Amin Baba. Af, masu tambayata farashin kwando ta bayan fage, ku bari sai motocin jibi sun shigo.

Admin: Alhaji a yi haƙuri, cinikin a kai shi ɗaya zauren.

Maman Ilham: Saura ruwan sama. Watan Yuni da Yuli in aka tsuge, kiran bidiyo da Hajiyarmu a Gusau ba ya yiwuwa. Ita ma dish ɗin talabijin ɗaukewa take.

Ɗan Computer Village: Wannan kam kowa ya sani, ruwa na wanke sigina.

Ɗalibar Akoka: Ba kai tsaye ba, Yaya. Ɗigon ruwa ya yi wa zangon megahaz 800 ko 1800 na waya ƙanƙanta, kusan ba ya taɓa shi. Sai an haura gigahaz 10 ruwa ke fara cin sigina sosai. Dish na talabijin wajen 11 zuwa 12 yake, shi ya sa yake ɗaukewa.

Injiniya: Ta faɗi daidai. Ku ɗaga kai ku dubi ƙarfen sabis, ban da dogayen eriyar za ku ga wani farin abu kamar ganga. Shi ke haɗa wannan ƙarfen da wani in ba a ja masa faiba ba, wato igiyar intanet da ake binnewa a ƙasa, kuma a 15 ko 18 ko 23 gigahaz yake aiki. Ruwan Legas na dukansa sosai. Shi ma yana da irin wannan dabarar, in ruwa ya yi ƙarfi sai ya sauko daga babban lodi zuwa ƙarami, ya fifita kira a kan bidiyo, da babu gara ba daɗi. Wayarki na nuna sabis cike don tsakaninki da ƙarfen lafiya lau, bayansa ne hanya ta tsuke. Ki haɗa da jiƙaƙƙen bango, da wutar da ke ɗaukewa, da kowa ya fake a ɗaki ya ciro waya.

Mai Gardama na Ijora: Ka ga mun dawo maganata. A ja faiba mana.

Injiniya: A ja, ban musa ba. Ka dai roƙi masu haƙa kwalbati su daina tsinke wadda aka riga aka ja.

Mai POS na Obalende: Oga na gode, na ƙaru. Amma ni yanzu me zan yi? Ba ni da ƙarfe, ba ni da faiba, kwastoma kuma ba ya jira.

Injiniya: Rumfarka ta mece ce, kuma da me kake haɗa na'urar?

Mai POS na Obalende: Kwano ce sama da gefe. Mifi nake amfani da shi, ɗan akwatin intanet ɗin nan mai ɗaukar layi, yana cikin durowa saboda masu hannu.

Injiniya: Kwano, cikin durowa, a gindin gadar kankare. Kai ma ka taya su. Ka tuna abu ɗaya: ƙarfen yana magana da wat gomomi, wayarka ko mifi iyakarsa kamar kashi ɗaya cikin biyar na wat ɗaya. Kana jin ladan ta lasifika daga nesa, amma shi ba ya jin amsawarka. Sandunan suna nuna maka jin da kake yi ne, na'urarka kuma sai ta aika kafin a amsa mata. In tana cikin rami sai ta ƙure murya, shi ya sa take zafi batir na zuba.

Ka gwada wannan da wayar da ke da layi iri ɗaya. A Android da yawa ka danna *#*#4636#*#*, a Samsung *#0011#, a iPhone *3001#12345#*. Ka nemi RSRP, shi ne ƙarfin muryar: -80 ya yi kyau, -110 ya yi rauni. Sai SINR, wasu wayoyin na rubuta RSSNR ko SNR, shi ne rinjayen murya a kan hayaniya: 20 zuwa sama garau, kusa da sifili kuwa dambe ake. Ka auna a durowa, ka auna a waje.

Amma kada in yi maka alkawarin da ba nawa ba. Cinikin POS ɗan saƙo ne ƙarami, ko a lamba 4 ya kamata ya wuce. In ka ga WhatsApp na tafiya amma kuɗi sun maƙale, matsalar ta bar iska, tana wajen banki ko masu na'urar, ko ka hau saman gadar ba za ta gyaru ba.

Ɗan Computer Village: Ko ya kulle wayar a 4G kawai, kada ta riƙa tsalle.

Injiniya: Ga mifi ba laifi in 4G ɗin wurin na da kyau. Ga wayar kira a yi hattara, in layin ko wayar ba sa kira ta kan 4G, kira ba zai shigo ba sam, mutum ya zaci an daina nemansa.

Mai POS na Obalende: Na dawo. A cikin durowa RSRP -97, ɗayan kuma yana yawo tsakanin 1 da 3. Na fito bakin rumfa na ɗaga hannu, ya koma -86, ɗayan 9, wani lokaci 11. Da na juya ta ɓangaren tasha sai ya sake faɗuwa 5 alhali sandunan ba su ragu ba.

Injiniya: To ka gani da idonka. Ta ɓangaren tasha kana kallon wani ƙarfen ne, shi ke maka ihu. Bar kwanon ya tare maka shi. Ka rataye mifi ɗin a sama ta ɗaya gefen, a jikin katako ba ƙarfe ba, ka sa shi a roba saboda ruwa, kada rana ta dake shi kai tsaye.

Mai POS na Obalende: A Obalende zan rataye mifi a waje? Oga ko minti biyar ba zai yi ba.

Alhaji Mai Tumatir: Sa shi a tsohuwar robar man shafawa ka ɗaure da waya. Ba ɓarawon da ke satar robar basilin.

Mai Gardama na Ijora: Ni dai har yanzu ina nan a kan bakana, a ƙara ƙarfe.

Mai POS na Obalende: Zan gwada ta Alhaji gobe da la'asar, lokacin da abin ya fi tsanani, in turo lambobin. Akwai mai tsohuwar roba babba a kusa da Obalende? Tawa ƙarama ce, cajar ba za ta shiga ba.